Lafiyar Iyali: Ƙurar da Take Bin Maigida Har Gida

A watan jiya na yi alkawari za mu yi magana a kan yaye, amma sai ku yi mini haƙuri, gama wani abu ya sha gabansa. Masu goyo su ɗan jira mu har wata mai zuwa.

Ga abin da ya faru. Kwanan baya na kai ziyara wata ikilisiya ta ƙauye, na tarar suna gyaran majami'a. Ginin tsoho ne ƙwarai. Silin ya yi baƙi, yoyo ya ɓata shi, wani gefe ma ya fara ruftowa. Dattawa suka yanke shawara a cire shi a sa sabo, aka tara baiko, aka sa ranar Asabar. Da sassafe samari suka hau da guduma, suna fasa allunan suna jefowa ƙasa. Kafin rana ta take sun gama, suka karkaɗe jikinsu, suka tafi neman abinci. Sa'an nan aka aika wa Zumuntar Mata su zo su share, tun da yake kashegari Lahadi ce. Sa'ad da na leƙa, mata sun kai ashirin a ciki, kowa da tsintsiyarta, waɗansu da goyo a baya, suna waƙa suna shara. Ƙura ta tashi fari fat, har da ƙyar ake hangen bagadi. Wata tsohuwa kuma tana tsince gutsattsarin allo a kwando, wai za ta kai gida ta toshe akurkin kaji.

Na tambayi wani dattijo wanda aka yi ginin a kan idonsa, ko wane irin allo ne wannan. Ya ce asbesto ne, shi ne ma ya raka mota birni aka sayo. Nan take na roƙi fasto ya tsai da sharar, a fitar da masu goyo. Ba kowa ya ji daɗi ba. Shugabar mata ta dube ni ta ce, "Haba Mama, mu da muke sussuka da shiƙa kowace kaka, ƙura ce za ta kore mu daga ɗakin Ubangiji? Ai maza ne suka yi aikin mai hatsari, mu shara kawai muke yi." Ban ga laifinta ba. Abin da ta faɗa shi ne abin da likitocin Turai da kansu suka yi ta zato shekara da shekaru, har mata da yawa suka mutu ba a san abin da ya kashe su ba. Saboda ita da irinta nake rubuta wannan.

Asbesto dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, amma in an farfasa shi sai ya warware ya zama zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, ga shi da araha. Saboda haka duniya ta rungume shi. An gauraya shi da siminti an yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa, an sa shi a birkin mota, an naɗe tukwanen tururi na jiragen ruwa da na ƙasa da shi. Akwai fari, akwai ruwan ƙasa, akwai shuɗi. Shuɗin da ruwan ƙasan sun fi mugunta, amma dukansu suna kawo sankara. Ƙurar gero, in ka shaƙe ta, ka yi atishawa ka yi tari, yawancinta ta fita. Ƙurar asbesto ba haka take ba. Zarenta ya fi gashin kai sirantaka sau ɗaruruwa, ba shi da wari, yana kuma iya daɗewa yana yawo cikin iskar ɗaki bayan kowa ya ɗauka ƙura ta kwanta. In ya kai can ƙarshen huhu sai ya maƙale, jiki kuwa ba ya iya narkar da shi da sauƙi.

Cututtukan da yake kawowa suna da dama, amma wadda ta fi zama tasa ta kansa ita ce wadda likitoci suke kira mesoteliyoma. Duk wadda ta taɓa gyara kayan cikin akuya ta san wani tantani siriri mai santsi, wanda ya lulluɓe huhu ya kuma shimfiɗu a jikin haƙarƙari ta ciki. Akwai irinsa kewaye da hanji. Mutum ma yana da su. Mesoteliyoma sankara ce ta wannan tantani. Abin da ya sa take da wuyar ganewa shi ne jinkirinta. Daga ranar da mutum ya shaƙi ƙurar zuwa ranar da ciwo ya bayyana akan yi shekara 20 zuwa 50, yawanci 30 ko 40. Yarinyar da ta shaƙa tana amarya, sai ta yi jikoki kafin ta fara jin numfashinta yana gajarta in ta hau tudu. Daga nan sai ciwon ƙirji a gefe ɗaya, da tari, da rama. Ruwa ya taru a ƙirji, a zuƙe, ya sāke taruwa. Akwai magungunan da suke ƙara kwana suna rage wahala, an kuma sami sababbi tun daga 2020, amma yawancin masu ita ba su wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gane ta. Shan taba ba shi yake kawo ta ba, ko da yake mai shan taba wanda ya shaƙi asbesto yana cikin babban hatsarin sankarar huhu, wadda ita wata cuta ce dabam.

To, in an ƙidaya, maza sun fi yawa nesa. A Birtaniya, inda cutar ta yi ɓarna fiye da kusan ko'ina, mutum 2,257 suka mutu da ita cikin shekara ta 2022, maza 1,838, mata 419. Dalilin a fili yake. Maza ne suka ƙera jiragen ruwa, su ne kafintoci, masu aikin famfo, masu aikin lantarki, waɗanda suka sa zarto a allon asbesto da hannunsu. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa cikin kafintocin Birtaniya waɗanda aka haifa tsakanin 1940 da 1949, suka kuma yi fiye da shekara 10 a sana'ar kafin su cika shekara 30, ɗaya cikin 17 wannan cuta ce za ta zama ajalinsa. Namiji in ya zo asibiti, likita ya tambaye shi sana'arsa, ya ce kafinta, magana ta ƙare. Ya san sunan kamfanin, ya san shekarun, abokan aikinsa za su shaide shi. Ta haka aka ɗauki cutar tamkar ciwon maza ma'aikata. Amma ga wani abu. Birtaniya ta hana shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, ta hana fari a 1999. Zuwa 2022 mutuwar maza ta fara raguwa, ta mata kuwa tana nan wajen 400 kowace shekara. Ina waɗannan mata suka samo ƙurar?

Amsa ta fari ta fito daga hannun mata biyu a Landan, Likita Muriel Newhouse da abokiyar aikinta Hilda Thompson, cikin shekara ta 1965. Suka bi tarihin mutanen da cutar ta kama a wani babban asibiti na gabashin birnin, suna tambayar dangi. Cikin mutum 76 da suka sami cikakken labarinsu, 31 sun yi aiki da asbesto. Amma 9 ba su taɓa yi ba, zaman gida ɗaya kawai suka yi da mai aikin, yawancinsu kuwa mata ne. Labarin da aka fi ji shi ne na matar da take wanke kayan aikin mijinta. Waɗansu 11 kuma ba su da kowa a aikin, sai dai tsakanin gidajensu da masana'antar asbesto bai wuce rabin mil ba.

Ku duba yadda abin yake. Maigida ya dawo da yamma, rigarsa da wandonsa da gashin kansa fari fat. Ya rungumi yara, ya tuɓe, ya ajiye. Ita kuma, da yake mace ce mai tsabta, ba ta tsoma kaya cikin ruwa sai ta karkaɗe su tukuna, fuskarta a kansu. Ta zazzage aljihu, ta share ɗaki. Haka kowane mako, shekara ashirin. Ba a taɓa rubuta sunanta a littafin ma'aikata ba, ba ta taɓa karɓar albashi ba, amma ta sami rabonta na ƙurar.

Inda aka fi ganin wannan sosai shi ne wani gari a arewacin Italiya mai suna Casale Monferrato. An yi babbar masana'antar kwano da bututun asbesto a garin daga 1907 har 1986. Masu bincike suka bi matan ma'aikatan, su 1,780, waɗanda ba su taɓa aiki a masana'antar ba. Bisa ga lissafi, mace ɗaya ko biyu ya kamata a samu cikinsu ta mutu da sankarar tantanin huhu. Aka sami 21. Ban da wanki ma, an riƙa ba mutanen gari ragowar garin asbesto, suna daɓe tsakar gida da shi. Wata mata a garin, Romana Blasotti Pavesi, ta binne mijinta wanda ya yi aiki a masana'antar, ta binne 'yar'uwarta da waɗansu dangi biyu, daga baya ta binne 'yarta ta cikinta. Dukansu wannan cuta ce ta kashe su. Ita ce ta shugabanci ƙungiyar iyalan mamata shekaru masu yawa, tana tsohuwa tana zuwa kotu. Italiya ta hana asbesto a 1992, tana kuma rubuta masu wannan cuta a littafi guda na ƙasa. Daga 1993 zuwa 2012 an rubuta mutum 21,463, mata 6,087 daga cikinsu, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Nahiyarmu ma tana cikin labarin, tun daga farkonsa. A Afirka ta Kudu ne aka fara tabbatar da cewa asbesto yake kawo mesoteliyoma. A yankin Kuruman da kewaye an yi ta haƙar shuɗin asbesto. Maza suna shiga rami su fito da dutse, mata kuma suna zaune a waje da guduma suna fasa shi suna ware zaren da hannu, jarirai a baya, yara a gefe suna wasa a kan tarin. Sau da yawa mijin ne kaɗai aka sani, shi ake biya bisa ga abin da iyalin duka suka tara. Wani likita mai suna Sleggs, mai kula da asibitin tarin fuka a Kimberley, ya lura da wani abu. Masu ruwa a ƙirji suna zuwa, a ba su maganin tarin fuka, yawanci su warke. Amma waɗanda suka fito daga wajen ramukan nan ba su warkewa, mutuwa suke yi. Shi da Likita Wagner da wani abokinsu suka bincika, suka buga labarin mutum 33 cikin shekara ta 1960. In ban da ɗaya, dukansu sun haɗu da shuɗin asbesto, da yawa kuwa ba ma'aikata ba ne. An haife su kusa da ramukan, ko sun yi wasa a kan jujin suna yara. Ku riƙe wannan magana ta tarin fuka, za mu komo kanta.

Inda ƙurar take cikin gari kanta, sai bambancin maza da mata ya kusa ɓacewa. A waɗansu ƙauyuka na Turkiyya da Girka, farar ƙasar da suke haƙa su shafe ɗakuna tana da asbesto a cikinta, su kuwa ba su sani ba. A wuraren nan mata sun kamu kusan daidai da maza. Ashe jikin mace ba shi da wata kariya ta musamman. Yawan ƙurar da kowa ya shaƙa ne ya bambanta lissafin.

Kada kuma a ɗauka mata ba su yi aiki da shi da hannunsu ba. Tun 1898 wata mace mai duba masana'antu a Ingila, Lucy Deane, ta yi kashedi a rubuce a kan muguntar ƙurar. Nellie Kershaw, wadda mutuwarta a 1924 ta sa likitoci suka mai da hankali ga huhun da asbesto ya ƙandarar, mai kaɗin zaren asbesto ce a garin Rochdale, ta rasu tana da shekara 33. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka tara mata a Nottingham suna harhaɗa takunkumin da sojoji suke sawa saboda iskar guba, matatarsa kuwa da shuɗin asbesto aka yi. Cikin mutum 1,154, yawancinsu mata, fiye da 60 suka mutu da mesoteliyoma daga baya. A Italiya an sami mata da yawa da suka kamu a masaƙun da ba a saƙa asbesto ko kaɗan, amma yana cikin birkin injuna da naɗin bututu. Waɗansu kuma a wurin gyaran tsofaffin buhunan da aka taɓa zuba shi a ciki. Sai kuma waɗanda ba su taɓa komai ba, gini ne kawai ya tsufa a kansu. A Amurka matan da cutar ta kashe sun tashi daga 489 a 1999 zuwa 614 a 2020. Da aka duba takardun mutuwa na 2020, sana'ar da ta fi yawa ita ce zaman gida, fiye da ɗaya cikin biyar, sa'an nan malaman makarantun yara, sa'an nan masu jinya.

A nan ne zan faɗi laifina. Shekarun da na yi ina rubuta katin marasa lafiya, in namiji ya zauna gabana nakan tambaye shi sana'arsa, har in ce, kafin wannan fa? In mace ce, sau da yawa ban ma tambaya ba, sai in rubuta matar aure in wuce. Ban taɓa tambayar wata aikin mijinta domin in san abin da take wankewa ba, ko aikin ubanta, ko irin ɗakin da ta koyar a ciki shekara talatin. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Masu bincike na Jami'ar Sheffield sun duba wannan a 2020. Suka ga maza yawanci sun san inda suka haɗu da asbesto, domin sun taɓa shi da hannu. Mata kuwa sau da yawa a ofis ne, ko makaranta, ko asibiti, ko kwandon wanki, ba su ma san yana wurin ba. Suka kuma ga mata ba su cika neman diyya kamar maza ba. Sai a 2008 ne Birtaniya ta yi tsarin biyan wanda ya kamu ba ta wurin aikinsa ba, kamar mai wankin kayan miji.

Akwai kuma wani ruɗani. Cikin mata masu cutar, rabon waɗanda ta kama a tantanin hanji ya fi na maza yawa. Ciki ya kumbura da ruwa, sai a ɗauka sankarar ƙwan mace ce. Ita ma wannan asbesto yana kawo ta, hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar tun 2009. A ƙasarmu kuwa, tsohuwa mai ruwa a ƙirji da rama, me za a fara cewa? Tarin fuka. Yawanci kuwa gaskiya ne, tarin fukan ne, tilas a sha maganin har ƙarshe. Amma in an sha wata da watanni bisa ƙa'ida, gwaji bai nuna ƙwayar ba, ruwa kuma yana ta dawowa, sai a koma wurin likita a gaya masa dukan tarihin ƙurar gidan, ko bai tambaya ba, a roƙa a tura ta babban asibiti.

Wata hanya kuma da ake ta gardama a kanta ita ce hodar talki, irin da muke barbaɗa wa jarirai lokacin zafi. Dutsen talki wani lokaci yakan fito rami ɗaya da asbesto. Mata da yawa a Amurka sun kai ƙara. Kamfanin Johnson & Johnson ya ce hodarsa ba ta da asbesto, amma ya daina sayar da ta talki a Amurka da Kanada a 2020, a sauran duniya kuma a 2023, ya koma ta garin masara. Ni dai in na tashi saye nakan karanta abin da aka rubuta a jikin robar.

Yanzu sai mu komo gida, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Nijeriya an yi masana'antun kwano da silin asbesto a Legas da Enugu da Bauchi da waɗansu wurare. Tun daga wajen 1960 aka yi shekaru da dama ana rufe makarantu da asibitoci da barikoki da gidajen ma'aikata da majami'u da shi. Gine-ginen nan yanzu ne suke tsufa, yanzu ne ake rushe su. Ba na so kowa ya kasa barci saboda silin ɗakinsa. Allon da yake lafiya, bai fashe ba, ba ya zubar da gari, zarensa yana ɗaure cikin siminti, barinsa a wurinsa ya fi taɓa shi. Mata ashirin ɗin nan ma na gaya musu kada su firgita. Hatsarin yana ƙaruwa ne da yawan ƙura da yawan shekaru, yawancin waɗanda suka shaƙa kuma ba su kamuwa. Amma babu wani ma'auni da masana suka yarda a ce ƙasa da shi babu komai. Yara ne suka fi ba ni tausayi, domin suna da shekaru masu yawa a gaba waɗanda cutar za ta jira a ciki. Wani kwamitin masana a Birtaniya ya lissafta a 2013 cewa yaro mai shekara 5 hatsarinsa ya ninka na mai shekara 30 wajen sau biyar, in ƙurar da suka shaƙa ɗaya ce.

In tilas ne a cire, to, ruwa ne babban abokinmu. A fitar da kujeru da littattafan waƙa tun kafin a fara, waɗanda ba su cikin aikin su yi nisa. A kashe wutar lantarki, a jiƙa allon da ruwa mai ɗan sabulu, a zare ƙusa a sauke shi ɗungum. Kada a fasa, kada a sa zarto, kada a jefo daga sama. Tsintsiya ba ta da aiki a wurin ko kaɗan. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, a sa tsumman da gutsattsarin cikin leda mai kauri, a ninka, a ɗaure, a tambayi ma'aikatan kiwon lafiya na ƙaramar hukuma inda za a kai. In ba inda za a kai, sai a binne a rami mai zurfi, wurin da ba za a yi noma ko gini ba. Ɗankwali a hanci ba ya tare wannan zare, haka ma ƙyallen da muka sa lokacin korona. Akwai takunkumi na musamman mai matata, wanda ake rubuta P3 ko P100 a jikinsa. Kuɗinsa sai a sa cikin kuɗin aikin tun farko, kamar kuɗin ƙusa. Gutsattsarin kuma kada a kai gida. Ba a yin akurki da shi, ba a yin murhu, ba a cike rami a hanya, ba a ba yara su yi allon rubutu.

Ku maza, kafintoci da magina da makanikai, wannan taku ce. Makaniken da ya saba buɗe gangar birki ya hure ƙurar da bakinsa, ya sani birki yana iya ƙunsar asbesto, sai ya riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda zai wuni yana sauke tsohon rufi, ya sa tsummokaran da zai iya zubarwa, ya tuɓe a wurin aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Kada ya naɗe kayan ya miƙa wa uwargida. In ya zama tilas a wanke, shi ya tsoma su cikin ruwa tun a can, ba karkaɗewa, a kuma wanke su dabam. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da rawani, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau gidan. Na sha tunani a kan ayar nan. Mai ginin ba shi ne zai faɗo ba, ya san bakin rufinsa. Saboda wanda bai sani ba aka ba da umarnin.

A ƙauyen nan fasto ya saurara, Ubangiji ya sāka masa. Aka kulle majami'a, ran Lahadi aka yi sujada a gindin mangwaro. Matan da suka yi shara suka jiƙa zannuwansu tun a ranar, ba wadda ta karkaɗe. Da aka aiko da takunkumi daga gari, samari shida suka ɗebo ruwa da jarkoki, suka goge daɓe da kujeru da tagogi har sau biyu. Tsohuwar nan ma ta mayar da kwandonta, ko da yake ta ce tana bina kuɗin akurki. Saura abu ɗaya. Ajin Makarantar Lahadi da yake bayan majami'ar, silinsa iri ɗaya ne, ya kuma tsage a wuri biyu. Dattawa sun ce za su zauna a kansa bayan girbi, kafin nan yara za su riƙa karatu a waje.

Mai tambaya ya aiko ta hannun edita. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, sai maganar yaye.